Yadi Goma

Ƙarfe biyun dare a Fagge,
gari ya yi tsit, karnuka ma sun gaji.
Benci arba'in a gidan kallon Uwaisu,
mu bakwai kacal.
Inji yana tari, muna yi masa sannu.

Da yamma nan fadar masu ƙwallon ƙafa ce,
ihunsu har bakin titi.
Sai sun watse, an share ɓawon gyaɗa,
mu shigo da tamu mai siffar gwanda,
wadda ake runguma kamar jaririn amana
a kutsa da ita cikin ƙarti.

Yadi goma ake nema.
Sagiru, mai yankan shadda a Kwari,
ya ce shi a numfashi ɗaya yake auna goma,
amma can sai an ci ƙasa sau huɗu,
wani sa'in a tashi da taƙi guda.

Yau namu masu baƙar riga
ba su roƙi komai a sama ba.
Ba jifa, ba ado, ba burga.
Aka danƙa wa gajeren nan mai ashirin da takwas a baya,
ya sunkuyar da kai.
Yadi huɗu. Ya tashi. Yadi uku.
Ya tashi da ciyawa a ƙarfen fuska. Yadi biyar.
Tasi'u ya haye benci:
"Na rantse ɗan dako ne!
Ku dubi ƙugu, ku dubi ajiye sawu,
haka ake ratsa Singa da buhun sukari
ranar da tirela ta toshe hanya!"
Ba wanda ya ja da shi.
Shekararsa tara a ƙarƙashin buhu.

Su kuwa masu farin kaya
sun zo da majefinsu, dogo, ɗan gayu,
hannu kamar bai taɓa ɗaukar bokiti ba.
Ya ja baya yana zaɓen wanda zai ba,
sai katangar gabansa ta tsage,
mutum uku suka ɓullo
kamar bijiman da suka tsinke igiya a Abbatuwa.
Sau shida yana kallon sama daga kwance.
A na shidan ƙwallo ta suɓuce,
tana tsallenta na rashin tarbiyya,
wani ƙato ya faɗa mata
kamar an jeho katifa daga bene.

Sha bakwai da shida.

To, Hajiyar bayan katanga tana da hawan jini,
Uwaisu ya sha gargaɗi,
don haka muka yi ihun da babu sauti:
baki a buɗe, jijiyar wuya a tsaye,
Obinna yana cizon hularsa,
Sagiru yana dukan cinyata maimakon tasa,
Nazifi ya ɗaga Tasi'u sama
suka zube tare, benci ya rasa ƙafa ɗaya.
Ni hawaye ne ya zo mini,
ban san na dariya ba ne ko na me.

Muka fito, sanyin asuba ya tare mu.
Ɗanliti mai shayi yana fifita gawayi.
"Wa ya ci?"
Muka ce, "Mu."
"Ku su wa?"
Muka dubi juna.
Garin ba mu taɓa taka shi ba,
sunansa ma tuntuɓe yake sa harshe,
an ce ƙanƙara ke rufe musu ƙofa.
Ya girgiza kai, ya ƙara mana madara.

Ladan ya gyara murya.
Tasi'u, da Singa ke jira bayan sallah,
ya cusa burodinsa a hammata,
ya sunkuyar da kai,
ya kauce wa adaidaita sahu, ya tsallake kwata,
Sagiru na binsa yana aunawa da ido:
takwas,
tara.