Jar Akuya a Kan Buhu

Kwana uku na yi a Ɗan Gulbi
ina jiran jar akuyar Cima ta ɗago kai.
Ta ɗago. Na danna.

Jika biyar aka ba ni.
Takarda ta ce: kalanda ɗaya, shekara ɗaya.

Yau ga ta a babbar kasuwa kan buhun dusa,
an datse gefen da sunana yake
kamar ɓarawo ya sake mata tsagar kunne.

Alhaji Tsahiru ya yi dariya:
"Haba Nomau, hoto ne fa, ba gona ba."

Aro na ba ka, Alhaji, ba gado ba.

Akuyar ta mutu bara.
Cima ta tambayi rabonta,
na miƙa mata buhun, babu dusa ciki.