Takunkumin Tib

Bara, a filin bayan coci,
Tib ta zo ta ɗaya, sannan ta juya
ta cafke kunnen karen Wilf Teasdale.
Ɗinki huɗu. Wilf bai ce mini uffan ba.
Kwamiti ne ya aiko takarda:
ba takunkumi, ba tsere.

Na sayo shi ranar kasuwa a Stanhope,
ɗan kwandon roba, bai fi kofin shayi ba.
Na ajiye shi a ƙasa kusa da murhu.
Ta shinshina, ta ja da baya,
ta yi mini kallon da ake yi wa mai bin bashi.

Don rami aka haife ta.
Kakanninta sun bi dila har ƙarƙashin dutse,
bakinta shi ne hannunta, shi ne hujjarta.
Da wane ido zan ce mata ta rufe?

Ban ce ba. Cuku na gutsura
na tura can gindin kwandon.
Kwana uku tana kewaya shi.
A na huɗu kwaɗayi ya kayar da girman kai,
hanci ya shiga, ya fito
kamar ya taɓa garwashi.
Na ƙirga ɗaya. Washegari, biyu.
Ban taɓa maɗaurin ba sai da mako ya zagayo.

Arnold na kallonmu daga kujerarsa,
da ƙurar dutse ta shekara talatin a huhu.
Abin numfashin da asibiti suka ba shi
yana rataye a ƙusa tun Fabrairu.
"Ni ba kare ba ne," ya ce wa nas,
ni kuma na san ba a lallashinsa da cuku.

Ranar da na ɗaure mata shi bayan kunne
ta yi birgima, ta karce da ƙafa,
ta goga fuska a kafet, a ƙafar tebur,
sannan ta sandare, jela a ƙasa.
Na ƙulla tsumma a igiya, na ja a tsakar gida.
Kunne ya miƙe.
Ta bi shi har ta ci karo da bokiti,
ta manta akwai wani abu a fuskarta.
Arnold ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Da dare na ji motsi wajen ƙusar.
Ban juya ba.
Na ƙirga a zuci, ɗaya, biyu,
wajen arba'in injin na huci a hankali,
barci ya ɗauke ni ban kai ƙarshe ba.

Satumba, ana yayyafi.
Karnuka shida a akwati suna kururuwa,
wani yaro na juya tayar keke da hannu,
wutsiyar dila na tsalle a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa
zuwa ƴar kafar da ke tsakanin dammunan kara.
Aka buɗe.

Ta uku ta zo.
Bayan dammunan suka cure wuri guda,
kwando na bugun kwando, gurnani ba jini.
Mai yankakken kunne ne ya ci.
Wilf ya ɗaga mini hula, kaɗan.

Arnold na bakin igiya, tukunyar iska a amalanke,
yana kiran sunanta cikin roba,
tururin muryarsa ya rufe masa baki.

A mota na kwance mata.
Ta yi doguwar hamma a fuskata,
haƙoran nan duk suna nan.