Littattafai Uku a Tiren Shayi

Takardar zama ta ƙare, makaranta ta rufe mana ƙofa.
Rumasa'u shekara bakwai, ba ta san baƙi ba.
Na jera littattafai uku a tiren shayi,
fanka tana buɗe shafi, sai ka ce ita ce malama.

Na fari maƙwabciya ta ara mini,
duk tuffa ne da dusar ƙanƙara.
Na Larabci daga kasuwar Balad,
riyal sha biyar, da sunan wani yaro a bango.
Na uku yayana Mudi ya aiko daga Funtuwa
a jakar mai Umra, yana ƙamshin daddawa.

Ni da na tsaya aji huɗu,
wa ya aike ni zaɓen hanya?
In an mai da mu gida, wanne zai yi mata rana?
In Jidda ta riƙe mu fa?

Har la'asar ban yanke ba.
Sai ta ja na Funtuwa, ta shinshina,
ta ɗora yatsa kan hoton rijiya:
"Inna, mene ne wannan?"

Na ture tiren. Na ce, zauna.
Larabcin sai gobe,
in na dawo daga guga.