A Madubin Gefe

Mu takwas ne a gida mai taya,
tara in an ƙirga kare,
kuma Linnea ta rantse sai an ƙirga shi
kafin a kama hanya.

Shekara talatin da ɗaya Baba Orrin ke jan ta
daga Moose Jaw zuwa bakin tafkin Waskesiu,
ko ƙuda sai da izini yake sauka a sitiyarin.
Bana likita ya haska masa ido,
ya rubuta 'yar takarda, ya yi shiru.
Da asuba na tarar da makulli kusa da kofina,
ba jawabi, ba sallama,
shi kuwa tuni ya zauna a kujerar baya.

Gonakin kanola sun yi rawaya iya ganinka.
Iska na tunkuɗar mu kamar mai bin bashi,
cokula na gulma a durowa.
A wata kwana firji ya wangame baki,
kwalbar tsamin kokwambar Mama Verna
ta gangaro tun daga kicin har ƙafata, ba ta fashe ba.
Mama ta ce, "Jinina ce,"
ta rungume ta kamar jaririya.

Yaya Wendell da matarsa Marlys
ba sa magana tun gidan man Davidson
kan wa ya manta tukunyar gas.
To a nan ina za ka kai fushinka?
Taku shida ne daga gado zuwa ƙofa.
In za ta wuce ya tsuke ciki,
in zai wuce ta ɗage gwiwa.
Kafin Prince Albert ta miƙa masa rabin lemo
ba ta ko dube shi ba. An shirya.

Magariba ta same mu a sansani,
fili mai lamba arba'in da bakwai,
ɗan tsuki tsakanin dogayen itatuwa biyu,
teburin katako a hagu, dutse a dama,
kuma dole a shige shi da baya.

Sau uku ina gwadawa.
Maƙwabta suka juyo da kujerunsu, an samu kallo kyauta.
Wendell na ihun "Hagu!" Marlys na ihun "Ɗaya hagun!"
Reshe ya ja wa rufin dogon zane.
Na kashe inji, na kifa goshi,
saura ƙiris in ce mu juya.

Sai na ji ƙarar ƙofa.
A madubin gefe na hango shi,
bai fi ɗan yatsa ba, da koɗaɗɗiyar hularsa,
ya kore kowa da hannu ɗaya.
Ba ya ganin fuskata, na sani,
amma ya san motar nan yadda harshe ya san haƙora,
tsakuwa ce ke raɗa masa inda taya take.
Yatsu biyu: taho.
Tafi a buɗe: dakata.
Gwiwar hannu ta ɗaga: karya kan kaɗan.
Haka ya koya mini keke ina 'yar shida,
ni ina rawar jiki, shi yana baya.
Yau ma yana baya.

Ya dunƙule hannu, na taka birki.
Ya shigo, ya ɗora kofin ruwa a tebur,
ya sunkuya har hancinsa na taɓa shi.
Ruwa ya kwanta lif, bai karkata ba.
"Ba laifi," ya ce.
A bakin Baba wannan kirari ne, ba ƙarya.

Dare ya yi, tebur ya koma gado,
yara uku a saman kujerar direba kamar 'yan tsaki,
sauro na roƙo a bayan raga,
wani tsuntsun tafki na kiran wanda bai amsa ba,
minshari kala huɗu.
Na lallaɓa na sa masa makullin a hannu.
Ya shafa shi, ya juya shi,
ya mayar cikin tafina, ya rufe yatsuna a kai.
"Gobe akwai zubar da tankin bayan gida,
mai makulli ke yi.
Sai da safe, ɗiya."