Karcen da Ke Hagu da Fitila

Da safe na shafa tafina a jikin motar,
ya fito fari fat, kamar na goge allon aji.
Rani goma sha ɗaya na Arizona
sun lashe shuɗin ratsin da ke gefenta,
sun bar mata furfura irin tawa.
Mota ce, gida ne kuma:
taya shida, murhu, gado ɗaya.
Tun da Lurleen ta rasu
ban ɗora mata tsumma ba.

A wani kanti a Yuma, layi na bakwai,
gwangwanaye sun yi sahu har sun ɗara kaina,
kowanne na rantsuwa cewa shi ne.
Na cire tabarau, na mayar.
Ƙananan rubutun sun ƙi tsayawa wuri guda.

Yarinyar kantin, Noemi, da biro a bayan kunne,
ta ce, kada ka haɗa su, Mista Prochaska.
Man goge daban, kaki daban.
Man goge haƙora gare shi,
yana cin fatar da ta mutu
kaɗan-kaɗan, har launin asali ya leƙo.
Kaki ba ya cin komai.
Abin da ya tarar, shi yake lulluɓewa.

Ta buɗe na farko, rawaya, mai ƙamshin kwakwa.
Daga ganyen wata giginyar Brazil ake kankaro shi.
Ƙyallinsa zurfi gare shi, kamar rijiya da hantsi,
amma wannan ranar tamu
wata biyu ta cinye shi, uku in an yi sa'a.
Na biyun ruwa-ruwa ne, a kwalbar roba,
ba itace ya haife shi ba, masana'anta ce.
Sheƙinsa ba fara'a, kamar gaisuwar ma'aikacin banki,
sai dai yana riƙe amana ya daɗe.

Ta dubi kafaɗata, ta dubi sandata.
Mota ƙafa talatin da biyu, ta ce, ga hawa tsani.
Ba ta ƙarasa ba. Ba sai ta ƙarasa ba.

Na ce akwai wani karce a baya, hagu da fitila,
tsawonsa bai kai kamu ba.
Ta ce man goge zai ɗauke shi in na yi haƙuri.
Abin da ban faɗa mata ba:
Lurleen ce a kan sitiyari ranar,
ni ina ƙasa ina yafito ta, taho, taho,
babu wanda ya ga reshen ƙayar.
Shekara tara muna musun laifin wa ne,
a kan kofi, a kan hanya,
har a ɗakin asibiti sai da ta tayar da shi,
tana dariya, tiyo a hancinta.

Na biya kuɗin man goge da kwalbar robar.
Na kai ƙofa, na dawo
na ɗauki ƙaramin gwangwanin rawaya.

Kwana shida na yi, da asuba kawai,
kafin jikin motar ya ɗau zafi.
Faɗin tabarma ɗaya a rana, hannu na zagayawa,
Orval na makwabta yana riƙe min tsani
yana ba ni labarin gwiwarsa.
Shuɗin ya dawo kamar wanda aka tashe daga barci.

Wurin nan kuwa na kewaye shi da tef,
ban bar haƙori ya kusance shi ba.
Na lakaci kakin da yatsa,
na shafa, na jira ya yi hazo, na goge.

Na watsa ruwa da yamma don gwaji.
Ko'ina ya dunƙule ya gangara abinsa.
A bakin karcen ɗigo uku suka tsaya.

Bayan wata biyu zai buƙace ni kuma.
Na rubuta ranar a bayan ƙofar kabad,
ƙarƙashin jerin cefanen da ta bari.