Layi Bakwai Na Bulo

Shekara ashirin da biyu ina ɗora bulo kan bulo,
daga Ikorodu har Ajah
babu yashin da bai san takalmina ba.
Idona ma'auni ne, haka nake faɗa,
haka kuma ake faɗa, in ina wurin.

Ran Laraba, rana na dukan ƙeya,
Zakka, yaron da ke ɗauko mini kwaɓin siminti,
wanda bai yi wata huɗu da sauka daga motar Kafanchan ba,
ya dire kwanonsa, ya ce can ƙasa-ƙasa,
"Oga, kamar bangon nan ya karkata."

Na wanke shi tas, ba ruwa ba sabulu.
Na ce tun yaushe ɗan tsako ke koya wa kaza tono?
Leburori suka kwashe da dariya,
wasu da Yarbanci, wasu da harshenmu.
Shi kuwa ya sunkuya, ya ɗauki kwano,
ya koma kan tsani.

Da dare sama ta ɓalle a Badore.
An ɗauke wuta, janareton maƙwabci na tari,
barci ya ce ba da shi ba.
Na haska fitilar waya kan shafin da Rifkatu ta bari a buɗe,
sai ga ni gaban Na'aman.

Sarkin yaƙi ne, da dawakai, da azurfa,
ƙarƙashin sulke kuwa kuturta na cin rabonta.
Wa ya nuna masa hanya?
'Yar baiwa, wadda ko sunanta ba a ajiye mana ba.
Ya isa ƙofar annabi da rugugin karusai,
annabin ko leƙowa bai yi ba,
ɗan aike kawai: ga Urdun can, sau bakwai.
Gogan ya juya a fusace,
wai kogunan garinsu sun fi wannan kyan gani.

Na yi dariya ni kaɗai cikin duhu.
Na san fushin nan.
Da shi nake karya kumallo.

Kuma barorinsa ne suka lallashe shi.
Na ƙasa dai, ko da yaushe na ƙasa.

Asuba na riga kowa.
Na naɗe wando, na ratsa ruwan kwata har gwiwa,
na rataya igiya da dutse a jikin bangon.
Igiya ba ta san oga ba.
Yatsa biyu. Ya kauce.

Filasta na rufa asiri, kowane magini ya sani.
Mai gidan yana Turai, sai hoto ake tura masa.
Na daɗe tsaye, sauro na cin idon sawuna.

Da suka taru na kira Zakka.
Ya zo yana kare fuska da kafaɗa.
Na ce, "Kai ne da gaskiya. Miƙo guduma."
Maganar ta fito kamar ƙayar kifi,
ta kankare maƙogwaro, amma ta fito.

Layin farko ya faɗi da ƙara, kowa na kallo.
A na uku gumi ya shiga idona, na gode masa.
Kafin na biyar Iya Sikira ta iso da wake da burodi,
'yan kallo suka watse,
ashe girman da nake gadi
bai kai farantin wake ba.
Na bakwai, mu biyu muka sauke shi,
shi ta can, ni ta nan.

An ce jikin mutumin ya koma kamar na yaro.
Ni hannuna na nan da kantarsa.
Ko yau da azahar wani ya zubar da kwaɓi,
tsawa ta taho har bakin haƙorana,
na tare ta, na haɗiye, da ɗacinta.

Nutso ɗaya ke nan.
Ya Ubangiji, kogin nan naka ba shi da kyan gani,
ga shi kullum safiya yana bakin ƙofata.
Riƙe mini riga in shiga.