Mabuɗan Sito

Yau na miƙa wa Zulai Bawa mabuɗan sito,
bakwai a zobe ɗaya, biyu ba sa buɗe komai.
Na ce ta riƙe su. Haka ni ma na gaje su.

Shekara arba'in da ɗaya a Samaru.
Na zo da akwatin kwano da takalmin aro
wanda ya fi ƙafata, na cusa tsumma a bakinsa.
Mita ɗari takwas ce sana'ata:
zagayen farko na ƙafa ne,
na biyun na zuciya, ita kuwa ba ta jin usur.
Koci Yero na tsaye, agogo rataye a wuya,
bakinsa bai san madalla ba,
sai dai, "Tanimu, ka zubar da daƙiƙa biyu a kwana."
Shekara shida ina neman su a kwanar nan.
Ran da na tsince su ana tsuga ruwa,
'yan kallo duk sun fake,
shi kaɗai ya gani. Ya share gilashin agogo, ya yi tari.

Sai gwiwa ta ce ta biya bashinta.
Aka ba ni tebur da fanka mai kuka.

Ashe tseren takarda ya fi na fili nisa.
Fayil ya shiga wurin ma'aji da farkon damina,
ya fito an raba lambobi, an naɗe tutoci.
Na koyi roƙo cikin babbar riga.
Na sayi farar ƙasar zanen layi da kuɗin cefane,
Hajara ta lura, ta ƙara wa miya ruwa, ba ta tanka ba.
Motarmu ta mace bayan Kachiya da mutum talatin,
masu jifan dalma suka sa kafaɗa,
muka isa ana kiran sunanmu karo na uku.
Ladi Shekari ta diro, ta ci azurfa
da baƙin mai a tafin hannunta.

Akwai kuma Isiyaku, da na goge daga jeri
don kujera ɗaya, don wasiƙar wani babba.
Har yau in mun haɗu a kasuwar Sabon Gari
sai ya tsaya taya albasa har in wuce.
Gaskiyarsa ne. Wannan ba ya cikin takardar miƙa aiki.

Kofunan suna kabad, sun dushe kamar tsohon tire.
Zulai za ta goge su, ko ta bar su.

Bayan la'asar na sauka fili,
na taka layin farko, zagaye biyu, minti goma sha ɗaya.
Wani yaro ya taho kamar an cinna masa wuta:
"Baba, ba ni hanya!"
Na ba shi.
Na bi bayansa da ido har kwana,
ga kafaɗa ta faɗi, ga taku ya gajarce.
Ba usur a wuyana, ba ofis, ba hatimi,
amma sai na ji muryar Yero ta fito ta bakina:
"Kai! Dawo. Ka zubar da wani abu a can."